Ƙanwar Sahabi a Cikin Tano

Filinge, Nuwamba 1984

Zuwa ga ɗiyata Haske, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Musa. Mu nan lafiya lau, in banda yunwa, ita kuwa ba a sa ta cikin ciwo tunda kowa na da ita. Innarki Habsa na gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san aji uku na yi a lakwal, na ukun ma rabinshi durƙushe na yi shi bakin ƙofa.

Saƙonki ya iso. Magagi direba ya sauko da shi rungume kamar jinjiri. Da na ga gwangwani naɗe cikin buhu, na ce ma innarki ta ɗora tukunya. Muna buɗewa sai ga ganye. Uwata (bar ni in kira ki hakanan tunda sunan tsohuwata kinka ci), shekarar da gero ya ƙi, kowa na samun shinkafa daga ɗiyanshi na bakin teku, ni na samu ciyawa.

Magagi ya yi muna bayani. Wai Musa ya ce dangin giginya ce da goriba, daga wani tsibiri can tsakiyar teku, ko a otel ɗin da shike aiki ba ta da yawa, kuma in ta girma ciki take yi kamar buteli. Unguwa duka ta zo kallo. Sunka ce, ana cin ɗiyanta? Na ce a'a. Kabarta na yin tabarma? A'a. Inuwa fa? Na ce ta ishi kaza guda, in kazar ba ta da ƙiba. Sunka ce to mi take yi? Na ce tana tsayuwa tana tumbi. Sai Ladi mai fura ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Ashe ƙanwarka ce." Sunan ya bi ta. Duk Filinge yanzu Ƙanwar Sahabi ake ce mata.

Ga inda maganar ta ke. A gida ba ta rayuwa, ruwan shanmu ma da ƙyar, ga awakin innarki masu cin ko takalmi. Sai garka, can kwari inda ruwa ke kusa. To garkar ba tawa ba ce. Kawunki Hamani ya ara mini ita cikin ƙasar ubansu, shekarar da na auri ƙanwarshi. Ko kin manta da al'ada in tuna miki: ƙasar aro, ka shuka duk abin da za ka girbe ka tafi, amma ba ka dasa itace. Wanda ya dasa itace ya ce ƙasa tashi ce. Tun kuwa da sojoji sunka faɗa a rediyo cewa gona ta mai nomanta ce, kawunki ko sandar tumatir na kafa sai ya zo ya girgiza ta ya ga ba ta yi saiwa ba. Bana kuma garkar nan ita ce rumbunmu. In ya amshe ta, sai mu ci labari.

Na kwana ina tunani, abin da ban saba ba. Da safe na samo rabin tano, gangar ƙarfen nan ta kalanzir, na ƙone shi, na wanke, na cika shi da ƙasa da taki, na sa ƙanwata ciki, na aje gindin rijiyar garka. Itaciyar da ke cikin tano ba dasa ta anka yi ba, aje ta anka yi. Ko alƙali ya san wannan.

Magagi ya ce kin ce kafin ta kai tsawona za ki zo gida. Na riƙe maganar. Yau ne karo na farko da na gode ma Allah da ya yi ni gajere. Na san na ce miki a tasha kada ki yi mini halin akuyar Ladi, wadda ake saidawa da safe ta riga mai ita komowa gida. Amma ziyara ba ta cikin wannan.

Ki gaida mini Shef Musa. Allah shi yi miki albarka.

Ubanki, Sahabi

*

Abijan, Fabrairu 1985

Zuwa ga Babana.

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna da Kawu da duk mutanen gida. Allah ya kawo sauƙin wannan shekara.

Baba, wasiƙarka sai da na sake karanta ta, don da farko dariya ta hana ni ganin baƙaƙen. Shinkafa na tafe wurin Magagi, a ɗora tukunyar da gaske wannan karo.

Ga abin da Musa ya ce. Ba ta son iskar sanyi, a kewaye ta da zana. Ruwa safe da marece, amma kada ya kwanta mata. Kada a sa mata ɗanyen kashin jaki. Ya kuma ce a cikin tano ba za ta mutu ba, amma ba za ta yi saurin girma ba, don saiwarta ba ta da wurin zuwa.

Ya ce kuma don Allah ka daina ce masa Shef. Masu ba furanni ruwa suna da yawa a otel ɗin, shi ɗaya ne cikinsu. Wani ɗan garin Tabla ya zo nan neman aiki wurinsa, wai kai ka ce masa Turawa ma sai sun cire hula suke shiga ofishinsa. Baba, ba shi da ofis. Bokiti yake da shi.

Alkawari yana nan. Kafin ta kai tsawonka ina gida, in Allah ya yarda.

Ɗiyarka mai biyayya, Haske

*

Filinge, Yuni 1985

Daga Hamani zuwa ga ɗiyar ƙanwata, Haske.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Ɗana Salisu ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ba ni da magana da yawa. Ubanki ne mai magana da yawa.

Kin aiko da itaciya. Kin san ubanki ba shi da ƙasa a kwari. Ba ki yi tunani ba. Ban yi fushi ba, na dai faɗa.

Ya sa ta cikin tano ya ce ba dashe ba ne. Na tambayi dattawa, sun ce ba su taɓa ganin irin wannan ba, ba su da hukunci a kai. Saboda haka na sa sharaɗi. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci zai gusa da tanon a gabana, don ƙasa ta san baƙuwa ce, mutane ma su sani. Ya yarda. Ya ce in ana gusa ta haka, wata rana da ƙafarta za ta isa garin Damana. Ban yi dariya ba.

Ƙasar nan ubana ya bar mini, ni ma zan bar ma na baya. Ba ni da niyyar korar mijin ƙanwata. Amma ranar da saiwa ta taɓa ƙasa, aro ya ƙare. Ki san da wannan.

Itaciyar ba ta da amfani. Na dube ta da kyau.

Ki riƙe salla. Wassalam.

Kawunki, Hamani

*

Filinge, Disamba 1987

Uwata Haske,

Gaisuwa da yawa daga ni da innarki da bayana, wanda shi ne ya fi kowa tuna ki. Wagga wasiƙa ki karanta ta ke ɗai, in kin gama ki kunna wuta da ita.

Kin san shekara biyu ƙanwata ta yi ba ta wuce gwiwata ba. Babu abin da ban yi ba. Na yi mata zana, na yi mata rumfa, na kai mata rediyo na kamo tashar bakin teku ko kewar gida ke damunta. Na zage ta, na ba ta haƙuri. Kowace Juma'a kuma ga kawunki tsaye da carbi, ni ina nishi ina tura tano. Ta zagaye garkar nan kaf, ta san ta fiye da ni. Har na fara zargin kin zaɓo mini wadda ba ta girma da gangan, don ki zauna ki ci ayaba.

Sai bara, wata Juma'a, na tuɓe riga na kama tano, kawunki ya ce, "Bar ta nan." Na ce mi? Ya ce, "Na gaji da jin nishinka." Ya juya ya tafi. Na bi shi da kallo, na ce wanga mutum ba shi da lafiya. Har na ce ma innarki ta dama mishi kunu.

Tun daga nan ƙanwata ta farka. Damina guda ta kai mini ƙugu. Gindinta ya fara kumbura, ganyenta ya yi lanƙwasa kamar gashin jimina. Mutane na cewa hannuna ne. Ni ma na yarda hannuna ne, har ran da na so in matsa da ita daga bakin rijiya. Na tura, ta ƙi. Na sa kafaɗa, ta ƙi. Na duba gabas na duba yamma, na durƙusa na tona ƙarƙashin tano da yatsa.

Uwata, saiwa. Fara fat, mai kauri kamar igiyar guga, ta fito ta gindin tano ta shige ƙasar kakanki ba ko sallama.

Ni ban dasa ba, Allah shaida. Tsatsa ta dasa. Amma wa za ya kai tsatsa gaban maigari? Na zauna na yi shawara da kaina. In na yanke saiwar, garka ta tsira, ƙanwata ta koma barci, ke kuma sai na yi furfura a kunne ban gan ki ba. In na bar ta, ke na tafe, garka na tafiya. Na dubi kabeji na dubi albasa, na ce ku yi haƙuri, ba ni na haife ku ba. Na tara rairayi kewaye da tano, na shuka kabewa ta lulluɓe wurin. Kawunki ya zo ya ga kabewar ya ce ta yi kyau. Ban taɓa jin ya ce wani abu ya yi kyau ba. Da gaske ba shi da lafiya.

To ki fara ɗaure kaya. Bakin ganyenta na taɓa mini haɓa.

Ina labarin Shef? Wasiƙunki na baya ba su zo da gaisuwarshi ba. Ko girman ya kai inda ba a gaida talakawa?

Ubanki ɓarawon ƙasa ba da niyya ba, Sahabi

*

Abijan, Maris 1988

Babana,

Ina gaisuwa. Ina gaida Inna. Na ƙone wasiƙar kamar yadda ka ce.

Baba, ganye ba ya cikin awo. Kai ma in za a auna ka ba a sa hannunka sama. Gangar jiki za a duba, daga ƙasa zuwa inda ganye ya fara.

Ina roƙonka ka yanke saiwar nan. Kada ka rasa garka saboda ni. Ban kai haka ba.

Mun tashi daga tsohon gida. Ka daina aikowa ta gidan waya, ka riƙa ba Magagi hannu da hannu, ya san inda nake. Aiki ya yi yawa, shi ya sa na taƙaita.

Ɗiyarka, Haske

*

Filinge, Agusta 1989

Uwata,

Gaisuwa irin ta wanda ya ga abin da ya fi ƙarfinshi. Innarki na gaishe ki, ni kuwa tun shekaranjiya ba ta gaishe ni ba. Ga dalili.

Kin san wanga wata ne ake bikin dashen itace. Sabon kwamanda, wani kaftin mai gashin baki kamar tsintsiya, ya fito zagayen garake da sojojinshi da matasan gwamnati ƴan samariya da maroƙa da gardin daji, da rabin gari a baya. Kawunki na ciki, da Salisu. Ni na sa rigar salla na tsaya gaban ƙanwata na buɗe hannuwa don in ɓoye ta. Sai dai yanzu ta fi ni faɗi.

Kaftin ya tsaya cik. Ya ce ya san irinta, ya gan ta ƙasar waje lokacin da ya je horo. Ya zagaye ta, ya shafa tumbinta. Ya ce, "A tano take? Madalla. A kai ta gidana, a aje bakin ƙofa, baƙi su gani."

Kin san zamanin da muke ciki. Mai kaki in ya ce yana son hularka, tambayarshi kake ko da kan za ya haɗa. Na ce, "Ranka shi daɗe, tana da nauyi." Ya ce yana da sojoji. Na ce, "Tana da kunya, ba ta son baƙin wuri." Ya ce a ɗauka.

Ƙarti huɗu sunka cire kabewata sunka kama bakin tano. Sunka ɗaga, shiru. Sunka tofa miyau a hannu, kofur ya yi musu ƙidaya da Faransanci, sunka ɗaga da ƙarfin gwamnati. Sai ji munka yi ƙararas! Tanon ya tsage ya taso sama kamar ana tuɓe ma yaro riga, sojoji biyu sunka zauna cikin albasata. Ƙanwata kuwa ko gezau. Ga ta tsaye tsirara gaban jama'a, saiwa ta ko'ina cikin ƙasa.

Ni ban dubi kawunki ba, amma ina jin idonshi a ƙeyata kamar rana.

Kaftin ya ce a kawo diga a tone ta. Sai gardin daji ya yi tari. Ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa, wai ranka shi daɗe dokar da kai ka karanta muna da safe ta hana a tumɓuke itace mai rai, ga kuma mai ɗaukar hoto. Kaftin ya dubi mai hoto, ya dubi sojojinshi cikin albasa. Ba wawa ba ne. Nan take ya kama hannuna ya ɗaga sama kamar na ci kokowa, ya ce da ƙarfi, tafinta na maimaitawa da ƙarfin da ya fi nashi:

"Ku dubi ɗan ƙasa nagari! Wanga mutum ya DASA itace! Ya dasa, ya raine ta! Kowa shi yi koyi da shi!"

Anka yi tafi. Maroƙa sunka ɗauka: Sahabi mai dashe, Sahabi mai dashe! Uwata, da ya sa an yi mini bulala da ya fi mini sauƙi. An ba ni shebur kyauta. Salisu ya matso kusa da kunnena ya ce, "Baba Sahabi, barka da samun ƙasa." Bai yi kama da mai yi mini barka ba.

Kawunki har yau bai ce uffan ba. Ya gaishe ni a masallaci kamar kullum, wato kamar wanda ake cire ma haƙori. Kowace safiya ina zuwa garka ina jiran in tarar an ɗaure ƙofa da ƙaya.

Gangar jikinta, tunda ke kin zama alƙali, ta kai mini ƙirji. Saiwar kuwa ban yanke ba, kuma ba ni yankewa. Kin ce ba ki kai haka ba. Wa ya ba ki sikeli?

Ubanki, ɗan ƙasa nagari, Sahabi

*

Filinge, Mayu 1993

Uwata Haske,

Bayan gaisuwa, an kai ubanki ƙara. Kada ki firgita, ga ni ina rubutu, ba daga kaso ba.

Tun da sojoji sunka koma bariki, bakin kowa ya buɗe. Da ni kaɗai ke surutu a garin nan, yanzu na rasa sana'a. Muddin masu kaki na nan ba wanda ya isa shi taɓa ɗan ƙasa nagari, amma suna juya baya Salisu ya tuna da ni. Ya shiga jam'iyya, ya sayi tabarau, ya ce za a rubuta ƙasar kowa a takarda, kuma in ba a fidda ni yanzu ba, gobe hoton nan na kaftin shi ne shaidata. Gaskiya ban ga laifinshi ba. Ni ma da ina da ƙasa ba ni ara ma irina.

Anka taru ƙofar maigari. Salisu ya yi jawabi mai kyau, rabi da Faransanci. Ya ce al'ada a fili take: mai aro ya dasa, aro ya mutu, shi kwashe guganshi shi fita. Maigari ya ce, "Sahabi, kai ka dasa?" Na ce tsatsa ce. Ya ce a kawo tsatsar. Na ce ta tsufa ba ta iya tafiya. Anka yi dariya, amma irin dariyar da ake ma wanda za a yanka ma hukunci. Innarki na bayan zana tana jin komi, ɗan'uwanta a gefe guda, mijinta a gefe guda.

Maigari ya buɗe baki za ya yanke, sai kawunki ya ɗaga sanda. Tun safe shina zaune kamar turmi. Ya sa hannu aljihu ya fiddo wata ƙatuwar ƙusa ya aje kan tabarma. Ya ce:

"Ni na dasa."

Salisu ya ce, "Baba!" Ya ce, "Zauna." Ya ce ranar da na tafi ta'aziyya Tabla, shi ya shiga garka, ya karkata tanon, ya huda gindinshi da wagga ƙusa wuri-wuri, ya mayar. Juma'ar da ta biyo ya ce in daina gusawa. Ya ce, "Ƙasata ce. Itaciyar da mai ƙasa ya dasa a ƙasarshi ba ta kashe aro." Maigari ya ce ko za ya rantse? Jama'a da kansu sunka ce a bar shi. Mutumin da bai taɓa yin wasa ba, ina za ya koyi ƙarya?

Hukunci: ƙasa ta Hamani, itaciya ta Hamani, aro na nan yadda shike. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni fa mi na zama?" Maigari ya ce, "Mai ban ruwa." Kin ji! Shekara da shekaru ina jan guga safe da marece, na ɓata bayana, na yi ƙaryar kabewa, na rasa barci, ashe bara nike ma Hamani ba ko goro. Yanzu ni da Shef Musa aikinmu guda, bokiti da bokiti.

A hanya na tare shi na ce, "Yaya Hamani, don mi?" Ya ce, "Ba ta girma." Na ce kai da ka ce ba ta da amfani? Ya ce, "Har yanzu ba ta da shi." Ya wuce.

Ta kai mini hanci. In na yi atishawa sai ta ce yarhamukallahu.

Ubanki, baran kawunki, Sahabi

*

Filinge, Mayu 1993

Daga Hamani zuwa ga Haske.

Assalamu alaikum. Wannan karo ba Salisu ke rubutawa ba, mai rubutu na bakin kasuwa ne, baƙo ne, bai san kowa ba.

Ubanki zai ba ki labarin shari'a. Zai ƙara gishiri. Abin da bai sani ba shi zan faɗa.

Shekarar da na huda tanon, Magagi ya gaya mini Musa ya sake ki ya tafi wata ƙasa. Ya ce kina saida abinci a tasha, kina kwana ɗaki guda da wasu mata, kin hana a faɗa. Ban faɗa ma kowa ba. Ubanki na yawo kasuwa yana cewa surukinshi Shef ne. Ban iya kashe mishi baki ba, ban iya kiranki ba tare da dalili ba. Na ga kin ɗaure zuwanki a jikin itaciya. Sai na saki itaciyar.

Na sa ƙasar ubana cikin haɗari. Na kunyata ɗana gaban maigari. Ban yi don ganye ba.

Sakin aure ba mutuwa ba ne. Uwarki ta tsufa. Ni ma. Ki zo.

Kawunki, Hamani

*

Abijan, Yuli 1993

Babana,

Ina gaishe ka. Na daɗe ina fara wannan wasiƙa ina yagewa.

Babu Shef, Baba. Babu ma mai bokiti. Ya sake ni tun shekarar da itaciyar ke gwiwarka. Ba mu yi faɗa ba, ya ga wata hanya ya bi. Ina saida shinkafa da miya a tasha, ina ci, ina sutura, ba na roƙon kowa.

Sau da yawa na ɗaure kaya. Sai in tuna ka a tashar Filinge kana ba mutane dariya da akuyar Ladi. Na san wasa kake. Amma duk garin sun ji, kuma na san bakin garinmu. Ina sauka daga mota wani zai ce ga akuyar ta komo, a yi dariya, kai kuma dole ka taya su don kai ka fara. Ban iya ba. Shi ya sa na ce ganye ba ya cikin awo. Da ta kai, da na ce tumbi ma ba ya ciki.

Ka gafarta mini. Ka faɗa wa Inna a hankali.

Ɗiyarka, Haske

*

Filinge, Agusta 1993

Uwata,

Gaisuwa. Na karanta. Na je in faɗa ma innarki a hankali, ta ce in daina tsaya mata a haske tana tankaɗe, ta sani tun tuni.

Ke da kawunki kun ba Magagi amana? Magagi da ke ba shingen jandarma labarin abin da ba su tambaya ba? Ni ya fara faɗa mawa, tun bai kashe mota ba. Ya ce kada in faɗa ma kowa. Ya je ya faɗa ma kawunki haka, ya faɗa ma innarki haka. Jiya munka zauna mu uku munka gano kowa ɓoye ma sauran shike. Ni ina ta ƙara ma Musa girma a kasuwa don kada a gane, har na kusa naɗa shi minista. Kawunki na yawo da ƙusa. Innarki kuwa ashe ita ke zuwa da hantsi tana zuba ma itaciyar takin awaki, ni ina cewa hannuna ne. Kawunki ya yi wani sauti a maƙogwaro. Innarki ta ce dariya ce, ta taɓa jin irinta suna yara.

Batun akuya. Bakina ya yi, kuma bakin nan ya daɗe shina jawo mini. Amma ba ki tsaya kin ji ƙarshen labarin ba, mota ta tashi. Da ta komo na ƙarshe, Ladi ta mayar ma mai saye kuɗinshi, ba ta sake kai ta kasuwa ba. A ɗakinta ta tsufa, a kwanonta take ci. Je ki tambaye ta. Wanda kuma ya yi miki dariya a tasha, ni da shi ne, na san labarin kowa a garin nan har na kakanshi.

Yanzu awo. Yau da safe munka je da shaidu. Na cire hula, na cire takalmi. Saura yatsa biyu. Na saki numfashi, saura ɗaya. Sai na ga ramin da nike tara mata ruwa a gindi, na shiga na tsaya ciki. Kawunki ya ɗora sandarshi bisa kaina ta taɓa inda ganye ya fara. Maigari ya ce, "Hamani, ta kai?" Ya dubi ƙafafuna cikin laka, ya daɗe shina dubawa. Ya ce, "Daga inda shike tsaye, ta kai."

Kin ce kafin ta kai. Kin makara. Ina nan cikin ramin, kuma akwai sauro.

Ubanki, Sahabi

*

Abijan, Satumba 1993

Babana,

Ina gaisuwa, kai da Inna da Kawu.

Motar Magagi, ranar kasuwa. Kada ka zo da maroƙa. Kada ka sa rigar salla.

Ka fito daga ramin, Baba. Na taho.

Haske